DARASI A KAN DIREBA DA WAYAR HANNUNSA

Duk wanda ya zauna bayan sitiyari ya ta da mota, ya karɓi amanar rayukan da ba nasa ba. Akwai waɗanda ya ɗauko, su kam ya san fuskokinsu. Akwai kuma waɗanda za ya gamu da su a hanya: mai keke, da mai tafiya a ƙasa, da yaron da aka aika ya tsallake titi, da direban da ke tahowa ta ɗaya hannun. Ba wanda ya tambaye su ko sun amince da shi, amma dukansu sun dogara ga abu guda, watau idonsa yana kan hanya. Darasin nan a kan wannan amana ne, da kuma dokar da ƙasashe da yawa suka kafa domin tsaronta, wadda ta hana direba rubuta saƙo ko karanta shi a wayar hannu yana cikin tuƙi. Za mu duba yadda dokar ta taso a Amurka da Ingila, da abin da ta iya yi, da abin da ta kasa. Gama wurin da ta kasa, nan ne aikin mai karatu ya ke.

1. Ido, da hannu, da hankali

Tuƙi yana neman abu uku daga wurin mutum gaba ɗaya: ido a kan hanya, hannu a kan sitiyari, hankali a kan abin da ke gaba. Mai cin abinci yana tuƙi ya ba da hannunsa. Mai kallon kasuwar bakin hanya ya ba da idonsa. Mai tunanin bashin da a ke binsa ya ba da hankalinsa. Rubuta saƙo kuwa ya kan kwashe ukun duka a lokaci guda, domin wannan masu kafa doka suka keɓe shi, suka kira shi da sunansa.

A shekara ta 2009 cibiyar binciken sufuri ta jami'ar fasaha ta jihar Bajiniya, a Amurka, ta bayyana abin da ta gani bayan an sa na'urorin ɗaukar hoto cikin manyan motocin kaya, an bi direbobinsu a bakin aikinsu. Aka iske direban da ke rubuta saƙo ya fi wanda ba ya yi kusa da hatsari har riɓi 23, ko dai hatsarin ya auku, ko kuwa ya tsallake shi da kyar. Aka kuma iske cikin daƙiƙa 6 na rubutun, idonsa ya kan bar hanya wajen daƙiƙa 4.6.

Bari mu yi lissafin tare. Motar da ke gudun kilomita 88 cikin sa'a guda tana cin mita 24 da 'yan kai kowace daƙiƙa. Cikin daƙiƙa 4.6 ta ci fiye da mita 110 ke nan, watau ta wuce tsawon filin ƙwallon ƙafa. Ko a cikin gari, inda gudun bai wuce kilomita 60 ba, daƙiƙa 3 kaɗai mita 50 ce. Da wani za ya ce maka, Rufe idonka ka tuƙa mota daga wannan raga zuwa waccan, da ka ce masa ya zautu. Ga shi kuwa abin da mai amsa saƙo ke yi ke nan, da yardar ransa, wani lokaci sau goma cikin tafiya ɗaya.

A Ingila ma an gwada samari da 'yan mata cikin na'urar koyon tuƙi a shekara ta 2008. Jinkirinsu wajen amsa abin da ya ɓullo a hanya ya ƙaru da kashi 35 cikin 100 sa'ad da su ke rubuta saƙo. Na wanda ya sha giya har iyakar da dokarsu ta yarda kuwa, kashi 12 ne. Mutane da yawa da ba za su taɓa yarda su hau motar mashayi ba, su kan zauna shiru a gefen mai latsa waya.

Hukumar da ke lura da lafiyar manyan hanyoyi a Amurka ta ƙidaya mutum 3,308 da suka mutu a 2022 cikin haɗarurrukan da shagalar direba ta jawo, da 3,275 a 2023. Wannan ƙidaya ta ƙunshi kowace irin shagala, waya da wadda ba waya ba. Masu ƙidayar da kansu sun yarda adadin ya gaza ainihin abin da ke faruwa, gama wanda ya mutu ba ya ba da labari, wanda ya rayu kuwa sau da yawa ya kan yi musu.

2. Yadda dokar ta taso

An aika saƙon waya na farko a Ingila cikin watan Disamba na 1992. Kafin shekara goma ta cika, wayar ta shiga aljihun kowa, ta kuma shiga mota tare da shi. Jihar Niu Yok ce ta fara hana direba riƙe waya a hannu yana magana, a 2001. Ingila ta kafa irin wannan doka cikin Disamba na 2003. Jihar Washinton kuwa ita ce ta fara kafa dokar da ta kira rubuta saƙo da sunansa ta hana shi. Majalisarta ta zartar a 2007, dokar ta soma aiki cikin Janairu na 2008.

Irin waɗannan dokoki ba su kan zo ba sai an zub da jini. Ran 22 ga Satumba, 2006, da safe, wani saurayi ɗan shekara 19 yana tuƙi zuwa wurin aiki kusa da garin Logan a jihar Yuta, yana musayar saƙo a waya. Motarsa ta ƙetare layin tsakiya ta gogi wata ƙaramar mota. Ƙaramar ta juya ta faɗa gaban wata motar da ke tahowa, mutum biyun da ke ciki suka mutu. Masana kimiyya ne masu aikin roka, kowannensu ya bar iyali. Da fari saurayin ya musanta cewa yana rubuta saƙo, har aka samo lissafin wayarsa daga kamfani, lokutan saƙonnin suka fito a fili. Daga bisani ya amsa laifinsa, ya yi ɗan zaman kurkuku, ya kuma tsaya gaban majalisar jihar yana roƙonsu su kafa doka. A 2009 Yuta ta kafa dokar da ta yarda a ɗaure direban da ya kashe mutum yana rubuta saƙo har shekara 15.

Mai karatu ya lura, saurayin nan bai sha giya ba, ba shi da ƙiyayya da kowa, bai fita da nufin cutar da kowa ba. Abin da ya yi, dubban mutane sun yi shi a wannan safiya sun isa lafiya. Bambancinsa da su shi ne akwai mota a ɗaya hannun a daidai wannan daƙiƙa.

Daga nan abin ya yaɗu. Cikin Oktoba na 2009 Shugaba Obama ya hana ma'aikatan gwamnatin tarayya rubuta saƙo sa'ad da su ke tuƙa motar gwamnati. A farkon 2010 aka hana direbobin manyan motocin kaya da na safa. Da jihar Mizuri ta kafa tata dokar a 2023, jihohi 49 cikin 50 sun hana kowane direba ke nan. A Ingila tarar ta fara da fam 30. A 2017 ta kai fam 200, da maki 6 a kan lasin tuƙi, wanda kuwa bai cika shekara biyu da samun lasin ba, maki 6 sun isa a karɓe shi. Abin bai tsaya ga ƙasashen Turawa ba: dokar hanya ta Nijeriya ma ta hana amfani da waya a kan tuƙi, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya kuwa, wadda aka kafa a 1988, tana da ikon kama mai yi.

3. Abin da aka gani bayan an kafa doka

Mutum za ya zaci da an kafa doka hatsari za ya ragu nan da nan. Ga abin da aka iske.

A 2010 wata cibiya da kamfanonin inshora na Amurka ke riƙe da ita ta duba yawan masu neman diyyar hatsari a jihohi huɗu, watau Kalifoniya, da Luwiziyana, da Minisota, da Washinton, kafin dokar da bayanta. Ba ta ga ragi ba ko a ɗaya. A uku daga cikinsu ma abin ya ɗan ƙaru. Dalilin da cibiyar ta yi zato shi ne, direbobi da yawa ba su daina ba, sai dai sun sauko da wayar daga kusa da sitiyari zuwa kan cinya domin kada ɗan sanda ya gani. Wanda ya sunkuyar da kai ga cinyarsa kuwa, idonsa ya fi nisa da hanya, ya fi kuma daɗewa kafin ya komo.

A 2013 waɗansu masana tattalin arziki biyu suka duba ƙidayar mace-mace, suka ga hatsari ya kan ragu da an sanar da dokar, sa'an nan bayan 'yan watanni ya soma komawa inda ya ke dā. Mutane sun ji tsoro da fari, da suka ga ba a cika kama kowa ba, suka koma halinsu.

Amma kada wani ya ce dokar banza ce. A 2014 masu bincike a Jami'ar Alabama ta Bamingam suka iske mace-macen hanya sun ragu da wajen kashi 3 cikin 100 a jihohin da ɗan sanda ke da ikon tsai da direba domin rubuta saƙo kaɗai. A waɗansu jihohi ba shi da wannan iko sai direban ya yi wani laifi dabam tukuna, kamar gudun da ya wuce kima. A can ba a ga irin wannan ragi ba. Kashi 3 ƙanƙane ne a takarda, amma kowane ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira ya koma gida ya ci abincin dare da iyalinsa.

Domin haka masu kafa doka suka yi ta gyara. Washinton ta ba ɗan sanda ikon tsayarwa a 2010, a 2017 kuma ta hana riƙe waya a hannu ko da mota tana tsaye a danja. A Ingila wani direba ya kuɓuta a babbar kotu a 2019, domin an kama shi yana ɗaukar hoton wani hatsari da wayarsa, dokar kuwa a lokacin ta ambaci sadarwa ne kaɗai. Cikin Maris na 2022 aka toshe wannan kafa, aka hana kusan kowane irin amfani da wayar da ke hannu.

To, ga abin da ya kamata mu riƙe daga wannan duka. Doka tana da amfani, tana koya wa jama'a cewa abin nan laifi ne, tana kuma tsare waɗansu rayuka. Amma iyakarta inda idon ɗan sanda ya kai. Akwai biyayya iri biyu. Ɗaya tana tambaya, Wa ke ganina? Ɗayar tana tambaya, Wa za ya cutu? Mai biyayya irin ta fari shi ne ya ɓoye waya a cinya, ya tsira daga tara, ya ƙara wa maƙwabcinsa hatsari. Mai biyayya irin ta biyu ba ya taɓa wayar ko a tsakiyar daji da dare, inda ba ɗan sanda ko ɗaya, gama lamirinsa yana zaune tare da shi cikin motar.

4. Hujjojin da mutane kan kawo

"Ni na gwanance, shekara ashirin ina tuƙi." Gwaninta tana aiki ne da abin da ido ya gani. Yaron da ya faɗo titi sa'ad da kanka ke sunkuye, shekarunka ashirin ba su gan shi ba. Direbobin manyan motocin da aka gwada a Bajiniya, tuƙi ne sana'arsu.

"Saƙon gajere ne, kalma biyu kawai." Mun riga mun yi lissafi: daƙiƙa 3 mita 50 ce a cikin gari. Mota ba ta jiran ka gama.

"Maigidana ne, in ban amsa ba za ya yi fushi." Fushin maigida yana da magani, ka tsaya a gefen hanya ka ba shi amsa, ka ba shi haƙuri. Minti biyu ke nan. Wanda aka take kuwa ba a iya mayar wa iyalinsa da shi.

"Ban riƙe wayar ba, da murya na ke yi." Wannan ya fi, gama ido da hannu suna wurin aikinsu, dokar wurare da yawa kuma ta yarda da shi. Amma hankali fa? A 1997 waɗansu masu bincike biyu a Toronto ta ƙasar Kanada suka duba lissafin wayoyin direbobi 699 da suka yi hatsari, suka iske hatsari ya riɓanya wajen sau huɗu a lokacin da mutum ke magana a waya, ba su kuwa ga wani sauƙi ga waɗanda ba su riƙe ta a hannu ba. Wani gwaji a Jami'ar Yuta a 2015 ya nuna hankali na iya ɗaukar har daƙiƙa 27 kafin ya komo kan hanya sarai bayan mutum ya gama ba wayarsa umarni da murya. Wannan kuma amsa ce ga mai cewa, A danja na ke yi, motar tana tsaye. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Abin da doka ta ƙyale ba lalle ne ya zama abin da ya dace ba.

5. Abin da ya wajaba a kan kowa

Ga direba. Ka shirya tun ba ka ta da mota ba. Aika saƙon da za ka aika, duba hanyar da za ka bi, sa'an nan ka kashe ƙarar wayar, ka sa ta inda hannunka ba za ya kai ba, cikin jaka ko a kujerar baya. Kada ka dogara ga ƙarfin zuciyarka a lokacin da ta yi ƙara a kusa da kai. Ya fi sauƙi ka yanke shawara sau ɗaya a ƙofar gida da ka yi ta kokawa da kanka sau ashirin a hanya. Wayoyi da yawa suna da maɓallin da ke tsare saƙonni har a gama tuƙi, ka nemi a nuna maka. Idan kana jiran labari mai nauyi, sami wuri mai kyau ka tsaya sosai, ka kashe mota.

Ga mai aika saƙo. Idan ka san mutum yana kan hanya, ka yi haƙuri har ya sauka. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar Niu Jasi ta yanke cewa mai aika saƙo na iya ɗaukar rabonsa na alhaki, idan ya san wanda ya ke aika wa yana tuƙi, ya kuma san za ya karanta nan take. A wannan shari'a ba a kama wadda ta aika da laifi ba, domin ba a tabbatar ta sani ba, amma ƙa'idar ta tsaya. Matar da ke rubuta wa mijinta, Kana ina, ka yi sauri, sau uku cikin minti biyar, ta sa hannunta a kan sitiyarinsa ba ta sani ba.

Ga wanda aka ɗauko. Kunya ta hana mutane da yawa magana, musamman idan direban babba ne, ko kuwa alheri ya yi musu da ya ɗauke su. Akwai hanyar faɗa da ladabi: Baba, kawo in karanta maka, ko kuwa, Malam direba, don Allah a bari sai mun tsaya. In ya ji haushi, haushin za ya wuce kafin a kai tasha. Wanda ya ga rijiya a buɗe a bakin hanya ya wuce bai ce kome ba, ba za ya ce ba ruwansa ba ran da yaro ya faɗa.

Ga mai motoci da masu aiki a ƙarƙashinsa. Kada ka hana direbanka taɓa waya da bakinka, sa'an nan ka yi masa faɗa domin bai ɗauki kiranka ba. Ka faɗa masa sarai cewa jinkirin amsa ba laifi ba ne a wurinka, ku kuma shirya wuraren da za ya riƙa tsayawa ya kira ka.

Ga iyaye. Yaron da ke zaune a kujerar baya yana koyon tuƙi tun shekara goma kafin ya taɓa sitiyari, daga hannuwanku ya ke koyo. Abin da ya ga kuna yi, shi za ya ɗauka daidai ne, kome yawan gargaɗin da za ku yi masa ran da ya sami lasin.

Ga wanda ya riga ya saba da wannan hali, bai kuwa taɓa yin hatsari ba. Kada ka ɗauki tsirarka shaida ce cewa abin ba shi da laifi. Saurayin nan na Yuta ma ya tsira sau da yawa kafin wannan safiya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ka fara daga tafiyarka ta gaba, ka kuma gaya wa mutum ɗaya a gidanka abin da ka ƙudura, domin ya riƙa tuna maka.

Tambayoyi domin nazari

1. Waɗanne abubuwa uku ne tuƙi ke nema daga wurin direba? Don me rubuta saƙo ya fi sauran shagala muni?
2. Mota tana gudun kilomita 60 cikin sa'a guda. Mita nawa za ta ci idan direba ya duba waya daƙiƙa 3? Ka auna wannan tsawo da ƙafarka a titin unguwarku, ka ga abin da ke cikinsa.
3. Wace jiha ce ta fara hana rubuta saƙo a kan tuƙi a Amurka, a wace shekara kuma?
4. Me aka iske a jihohi huɗun da aka duba a 2010? Wane dalili aka bayar?
5. Ka bayyana bambancin biyayya iri biyun da aka ambata a kashi na uku. Ka kawo misalin wata doka dabam inda a ke ganin wannan bambanci.
6. Ta wace hanya wanda ba ya cikin mota za ya iya zama da rabo cikin alhakin hatsari?
7. Da waɗanne kalmomi za ka yi wa wanda ya girme ka magana idan ka ga yana latsa waya yana tuƙi? Ku gwada faɗarsu da juna.

Aikin mako: kowane mai tuƙi ya zaɓi wurin da wayarsa za ta riƙa zama cikin mota, ya ajiye ta can kowace tafiya har kwana bakwai. Wanda ba ya tuƙi kuwa, ya ƙidaya sau nawa ya yi niyyar aika saƙo ga wanda ya san yana kan hanya, ya fasa. A kawo labari ran da za a yi darasi na gaba.